Yadda ake kallon tashin kumbo, da rawar da Kano ta taka a tarihinsa

Shekara 30 Amurka ta yi tana harba kumbon da ke zuwa sararin samaniya ya dawo ya sauka kamar jirgin sama. Daga 1981 zuwa 2011 an yi tashi 135 daga Cibiyar Kennedy da ke Jihar Florida, kuma dubban mutane kan yi dafifi a bakin teku domin gane wa idanunsu.

Abin da mai kallo yake fara gani shi ne haske mai kashe ido da hayaƙi yana turnuƙewa, amma kunnensa bai ji komai ba tukuna. Ba a barin jama'a su matsa kusa, hatta 'yan jarida kimanin kilomita 5 ake ajiye su. Tun da sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, sai bayan kamar daƙiƙa 15 rugugin zai iso, ya girgiza ƙirjin mutum da gilasan motoci. Bayan minti biyu, manyan rokoki biyu da ke gefe sukan rabu da kumbon su sauka a teku da lema. Cikin minti takwas da rabi ya kai matsayinsa, yana gudun kilomita 28,000 a sa'a. Da wannan gudu, tafiyar Gumel zuwa Kano ba za ta ɗauke shi daƙiƙa 20 ba.

Kallon yana tattare da fargaba. A ranar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger ya tarwatse a gaban 'yan kallo daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu.

Da zarar kumbo ya ɓace wa 'yan kallo, aikin ya koma hannun masu bin sawunsa daga ƙasa. Gabas ake harba shi domin ya ci gajiyar juyawar duniya, saboda haka wanda ya tashi daga Florida kan ƙetare Tekun Atlantika ya ratsa ta saman Afirka. Wannan ne ya sa, tun kafin zamanin kumbo mai dawowa, Hukumar NASA ta kafa tashar sadarwa a Kano a farkon shekarun 1960, lokacin da Gumel da Maigatari suke cikin Lardin Kano.

A ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Kimanin minti 20 da tashinsa ya yi magana da tashar Kano, ya shaida musu cewa yana hango ƙura ta tashi a ƙasa, su kuma suka tabbatar masa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san hunturun Arewa ya san abin da Glenn ya gani. Shi ne kuma ya sake komawa sama a 1998 cikin kumbon Discovery yana da shekara 77. A lokacin taurarin ɗan'adam sun karɓe yawancin aikin irin waɗannan tashoshi.

Najeriya ma tana da nata taurarin, sai dai a ƙasashen waje aka harba su: NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1R daga ƙasar Sin a 2011. Injiniyoyin Najeriya da suka samu horo a Ingila ne suka ƙera NigeriaSat-X, wanda aka harba a 2011. Irin waɗannan taurari ake amfani da su wajen sadarwa da lura da gonaki, ambaliya da kwararowar hamada, matsalolin da suka shafi manomin Gagarawa da ɗan kasuwar Maigatari kai-tsaye. Idan ba a sabunta su ba, dole a riƙa sayen bayanan daga wasu ƙasashe.

Mai son kallo kuwa ba sai ya je Florida ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda kumbunan nan suka yi jigilar yawancin sassanta, tana kewaya duniya kusan kowane minti 90 a nisan kilomita 400. A wasu ranaku, bayan Magariba ko kafin fitowar rana, ana ganinta da ido kamar tauraro mai haske yana tafiya ba ya ƙyaftawa. A garuruwa irin su Sule Tankarkar, inda fitilu ba su cika dusashe sama ba, ganinta ya fi sauƙi a kan cikin birnin Kano.