Gidaje a Kan Bututun Ruwa: Matsalar da Kano Ke Binnewa

Ruwan famfo ya shigo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka kafa matatar Chalawa. Manyan bututun da suka ɗauko ruwan daga bakin kogi zuwa birni gonaki da daji suka ratsa. Haka ma waɗanda aka shimfiɗa daga baya daga Tamburawa da Watari. A yau yankunan da ke tsakanin kogin da ganuwa, irin su Panshekara da Sharaɗa da Ɗorayi, sun cika maƙil da gidaje da masana'antu. Bututun kuwa yana nan inda aka binne shi, sai dai abin da ke kansa ya sauya: a wasu wuraren katanga ce, a wasu shago, a wasu ɗakin kwana ko bishiyar mangwaro a tsakar gida.

Da an tayar da maganar, sai a ɗora laifin a kan dillalan filaye. Suna da nasu kason. Filin awon igiya ana yanka shi ne ba tare da taswira ba, kuma duk taku guda da aka bari a matsayin hanya asara ce a idon mai sayarwa. Mai saye ya karɓi takardar ciniki da sa hannun shaidu da na mai unguwa, babu layi ɗaya a cikinta da ya ambaci abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Amma a ganina akwai dalilin da ya fi wannan nauyi, wato bushewar famfon kansa. Bututun da ke kawo ruwa kullum yana da masu gadinsa, domin duk unguwa ta san inda ya bi, kuma wanda ya taɓa shi zai sha surutu kafin ma'aikata su iso. Idan ya shekara bai ɗiga ba, mutane suka koma ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa, sai a ɗauke shi mataccen ƙarfe. Magini ya ci karo da shi yana haƙa fandisho, ya tambaya, a ce masa ai wannan ya daɗe da daina aiki, ya zuba kankare a kai. Ga kuma alamomin siminti da ake kafawa a kan layi, waɗanda kan ɓace ba a mayar da su ba. Tsofaffin ma'aikatan da suka haddace hanyar bututun suna yin ritaya da iliminsu a ka.

Illar farko a kan mai gidan take sauka. An ƙera bututun ne don ya ɗauki nauyin ƙasa, ba na bene ba, kuma tsofaffin na siminti da asbesto suna tsagewa idan ƙasa ta motsa. Ranar da aka sako ruwa da ƙarfi, ya fashe a ƙarƙashin gini, ba lallai a gan shi yana tsartuwa ba. A hankali yake wanke ƙasar da ke riƙe da tushen ginin, bango ya fara tsagewa, daɓe ya lotsa, mai gida yana zargin damina ko magini.

Batun bishiya yana buƙatar adalci, don Kano na cikin ƙishirwar inuwa. Saiwa ba ta cika huda lafiyayyen bututu ba. Danshi take bi, ta tarar da mahaɗar da ke yoyo, ta nannaɗe ta, tana kauri tana ture ta har ɓarakar ta faɗaɗa. Darbejiya da turare da ceɗiya da durumi suna cikin masu nisan saiwa. Kayan lambu da furanni ba su da wannan matsala. Matsar da dashen 'yan taku kaɗan ya wadatar, in dai mai shukar ya san inda layin yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masai. A gidan da fili ya yi kaɗan, ramin shadda kan faɗa dab da bututun. Idan aka ɗauke ruwa, matsin da ke cikinsa ya faɗi, sai ya riƙa zuƙo ƙazantar da ke kewaye ta wuraren da ya tsage, in ruwa ya dawo ya kai ta gidajen da ke gaba. A 2021 an samu rahoton mutum sama da dubu 100 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Gurɓataccen ruwan sha ne babbar hanyar wannan cuta, kuma waɗanda ke sha daga ƙarshen layi ba su da hannu a ginin da aka yi a farkonsa.

Gyara ma ya zama rigima. Ma'aikatan hukumar ruwa su gano inda ake yoyo, su tarar falon wani ne. Ko a fasa falon, ko a toshe layin a bar unguwanni babu ruwa, ko a karkatar da shi da kuɗin da za su isa kai ruwa sabuwar unguwa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma na da ikon hana gini marar izini. Sai dai rusau yana zuwa ne bayan talaka ya zuba tarin shekarunsa a bulo, wanda ya sayar masa kuma ya daɗe da cin kuɗin. Abin da zai yi tasiri tun kafin a kai nan shi ne a fitar da taswirar manyan layuka a bai wa hakimai da dagatai da masu unguwanni, a sake kafa alamomi a kan hanyar, a kuma hana sa hannu a takardar cinikin fili sai an rubuta ko bututu ya ratsa ta cikinsa da faɗin da za a bari babu gini.