Kwanan Lambu da Hunturu: Me Za a Sa Cikin Jakar Barci?

Hunturu ya kama, aikin lambu kuma ya kankama. Daga watan Disamba zuwa Janairu da yawa cikin 'yan ƙungiyoyinmu ba su kwana a gida. Wani yana bukka a bakin fadama yana tsaron injin ban ruwa, wani yana masussuka yana gadin hatsin da ba a kai rumbu ba tukuna. A ƙasar Jos, inda tudu ya kai kamar mita 1,200, sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10. Mambila ma ta fi Jos tudu. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, tsofaffi da marasa lafiya kuwa su ne sukan fara shiga.

Wasu sun sayi jakar barci a wurin masu gwanjo. Wannan wani bargo ne mai kauri da aka ɗinka kamar buhu, da zif a gefe, mutum ya shiga ciki ya ja. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Turai. Tun a shekarar 1876 wani ɗan kasuwa na ƙasar Wales mai suna Pryce Pryce-Jones ya yi rajistar irinta, har ya sayar wa sojan Rasha da dubbai. Amma mutum yakan saye ta da kuɗi mai yawa, ya kwana ciki, asuba ta yi yana rawar ɗari, ya ce an cuce shi. Sau da yawa laifin yana ga kayan da ya shiga da su.

Sai mu fara gane abu guda. Jaka ba ta da zafi nata na kanta. Jikinka ne murhu, tuwon da ka ci kuwa shi ne itacen. Aikin jaka shi ne ta tsare iskar da jikinka ya ɗumama kada ta gudu. Ku dubi kaza da sanyin safiya, yadda takan buɗa gashinta ta yi bul. Iska take tarawa a tsakanin gashin. Haka jaka take yi, haka riga take yi.

Akwai masu cewa wai in ka tuɓe ka shiga daga kai sai gajeren wando, ka fi jin ɗumi. Wannan magana ba ta da tushe. Masu gwada waɗannan jakunkuna a Turai suna da ƙa'ida, wadda aka kafa a 2002 aka sabunta a 2016. Sukan sa mutum-mutumi mai ɗumi a ciki su auna zafin da ke fita, kuma sukan sa masa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da safa, su shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Watau lambar da ke jikin jakar ta mai sanye da tufafi ce. In ka ga lamba uku a rubuce, ka dubi mafi girma, ita ce ta barci mai daɗi. Mafi ƙanƙanta tana nufin kawai mai yiwuwa ka kai safiya da rai. Jakar gwanjo kuma ta sha wanki ta sha matsa cikin dila, saboda haka ba za ta kai abin da aka rubuta mata ba.

Babban abokin gaba shi ne laima. Ruwa yana janye zafi daga jiki kamar sau 25 fiye da iska. Mai lambu ya wuni yana ban ruwa, ƙafar wandonsa ta jiƙe, singiletinsa ya sha gumi. Da magariba iska ta busar da bayan rigar, ya taɓa ya ji kamar ta bushe, alhali cikin zaren da sauran danshi. In ya kwanta da ita, dukan dare jikinsa zai yi ta aikin busar da riga maimakon ɗumama shi. Saboda haka ka ware kayan kwana dabam: riga mai dogon hannu, dogon wando, safa. Ka ƙulle su cikin leda, kada ka yi aiki da su ko da na awa guda. Canza kaya cikin sanyi ba daɗi, gaskiya ne, amma minti biyu ne kawai.

Wane irin yadi? Mu manoman auduga ne, muna kuwa alfahari da ita, amma a nan sai mu faɗi gaskiya. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ba ta saurin bushewa. Ulu, watau gashin tunkiya, yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan yi laima. Yadin foliyesta, irin na rigunan 'yan ƙwallo da rigunan sanyi masu laushi, ba ya shan ruwa sosai, yana kuma bushewa nan da nan. In kana zaɓe a wurin mai gwanjo, ka nemi ulu ko foliyesta domin rigar da za ta taɓa fata. In auduga kaɗai gare ka, ba laifi, muddin busasshiya ce ƙarau. Sai dai ka kula, foliyesta da bayan jakar kansa suna narkewa in tartsatsi ya faɗa musu, su manne a fata. Kada ka kwanta dab da wuta.

A bisa wannan riga ka ƙara suwaita guda. In sanyi ya yi tsanani ka ƙara ta biyu, amma ka tsaya nan. Mutumin da ya jibga riga biyar da kwat har zif ya rufu da ƙyar ya matse abin da ke cikin jakar, iskar da za ta riƙe masa ɗumi ta fita. Ko kuwa ya yi gumi da tsakar dare, kayansa su jiƙe, sanyin asuba ya same shi a haka. Gara ka shimfiɗa kwat ɗin a bisa jakar. Kome za ka sa, ya zama sako-sako. Ka kwance bel, ka guji safa mai matse ƙwauri, gama jini ne ke kai zafi ga yatsu.

Kai fa? An daɗe ana cewa kusan rabin zafin jiki ta kai yake fita. Wani littafin sojan Amurka na 1970 ya faɗi haka, amma likitoci sun nuna a 2008 cewa abin bai wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Duk da haka ka sa hular sanyi mai rufe kunne, ka naɗa ƙyalle a wuya, domin in sauran jiki yana cikin jaka, kai ne kaɗai ƙofar da ta rage a buɗe. Hanci da baki kuwa su zauna waje. Numfashi yana ɗauke da tururi, in ka dunƙule ka ja jaka ta rufe fuskarka, kafin safiya ka jiƙa cikinta da kanka.

Wani abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙasa. Nauyin jikinka yana danne ɓangaren jakar da kake kwance a kai, ya zama kamar zane ɗaya, ƙasa mai sanyi kuwa ta yi ta shan zafinka. Tabarma kaɗai ba ta isa ba. Ka tara busasshiyar ciyawa ko harawa mai kauri, ko ka cika buhu biyu da ƙaiƙayi, ko ka jera kwali, sa'an nan ka ɗora tabarma. Gadon kara ya fi duka, in ka yi masa shimfiɗa. Kafin ka shiga jakar ka kakkaɓe ta saboda kunama.

Ka ci abinci kafin ka kwanta, ko da gyaɗa ce da kunu mai zafi, ka yi fitsari, ka ɗan motsa jiki ka shiga da ɗuminka. Burukutu ruɗi ne. Yana kawo jini ga fata ka ji kamar ka yi ɗumi, alhali zafin cikinka ne ke tsiyayewa, ga kuma barci mai nauyi da zai hana ka farkawa in sanyi ya yi maka yawa.

Kada a shiga da kaskon garwashi cikin ɗaki ko bukkar da aka toshe ko'ina da leda. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum yana cikin barci. Kada kuma a sa jariri cikin jakar babba, yana iya zamewa ciki ya kasa numfashi. In kun tarar da abokin gadi ya daina rawar ɗari amma maganarsa ta sarƙe, yana magagi, ku cire masa jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe shi, ku ba shi abin sha mai ɗumi in yana iya haɗiya, ku kai shi asibiti.

Da safe ka juya jakar ka shanya ta ta sha iska, kayan kwana su ma su bushe kafin su koma cikin leda. In hunturu ya wuce, ka rataye ta ko ka ajiye ta sako-sako cikin babban buhu, kada ka bar ta a matse har shekara ta zagayo.