Bindiga Ko Kwari Da Baka: Wanne Ya Fi Ga Harbin Zabin Daji?

Da zarar an kawar da amfanin gona, daji ya buɗe, sai maganar harbi ta tashi a kasuwa da bakin zaure, tun daga Aujara har Jahun da Kiyawa da Dutse. Wani ya ce zabin daji sun tone masa gyaɗa, wani kuwa miya ce ta kai shi. Tambayar da a ke yi wa malaman gona ita ce, mutum ya sayar da hatsi ya sayi bindiga, ko kuwa ya tsaya ga kwari da baka irin na kakanninmu? To, bari mu auna su biyun, gama abin ya shafi aljihu, ya shafi doka, har ya shafi rai.

HALIN TSUNTSUN

Kafin a zaɓi makami sai a san abin da za a harba. Zabon daji tsuntsun ƙasa ne, gudu ya fi masa tashi. Da rani zabi sukan yi garke, su fita kiwo da sassafe da kuma la'asar, su kwana bisa manyan itatuwa kamar tsamiya da gawo. Idonsu da kaifi ya ke, in ɗaya ya hango mutum ya yi kuka, duk garken ya watse. Nauyin babba bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, gashinsa kuma yana sa a ga kamar ya fi haka girma. Watau wurin da kibiya za ta sama ta kashe shi nan take bai fi tafin hannu ba.

BINDIGA

Bindigar harbin tsuntsu iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta Turai, mai baki ɗaya ko biyu, wadda harsashinta ke cike da ƙananan ƙwayoyin dalma. Akwai kuma bindigar toka ta maƙeranmu, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki.

Amfanin bindiga shi ne ƙwayoyin suna bazuwa. A kowane yadi ɗaya sukan buɗe kamar inci ɗaya, sabo da haka a yadi 30 sun kai faɗin ƙofar ɗaki. Ko hannu ya ɗan karkace, a kan samu. Amma iyakarta yadi 30 zuwa 40. In ya wuce nan sai dai a raunata tsuntsu, ya shige sarƙaƙiya ya mutu a banza.

Aibinta kuwa uku ne. Na fari, tsada: kowane harbi kuɗi ne ya tafi, an samu ko ba a samu ba. Na biyu, ƙara: harbi ɗaya ya isa ya kori garke, in aka dinga yi sai su ƙaura daga wurin. Na uku, wanda ya fi duka, haɗari. Ƙwayar da ba ta sami zabo ba tana ci gaba da tafiya, tana iya tsiyaye idon yaro mai kiwo ko mace mai ɗiban itace a nesa mai yawa. Bindigar toka kuma, da ya ke da ido a ke auna albarushinta, in an cika mata ko bakinta ya yi tsatsa takan fashe a hannun mai ita.

Har wa yau, a tsince ƙwayoyin dalma sarai kafin nama ya shiga tukunya, a yanke wurin da suka ratsa. Dalma guba ce, musamman ga yara ƙanana. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da ya ke can daga dutsen zinariya ta fito.

KWARI DA BAKA

Baka ba ya cin albarushi. Kibiyar kyauro in ba ta karye ba sai a tsince ta a sake ɗanawa. Ba shi da ƙara, sabo da haka mai haƙuri yana iya harbi biyu kafin garke ya farga. Kibiya ɗaya ce, kuma ba ta nisan ƙwayar dalma.

Amma fa baka yana bukatar gwani. Sai mutum ya matso yadi 15 ko 20, abin kuwa da wuya ga tsuntsu mai ido irin wannan. Lalle sai a yi kwanto kusa da mashaya ko itacen da su ke kwana. Wanda bai saba da tsarkiya tun yana yaro ba, sai ya yi watanni yana gwaji a kan damin kara, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a shafa wa kibiyar tsuntsu dafin ƙwanƙwani. Ba a bukatarsa ga abu ƙarami haka, kwari mai dafi kuwa a rataye cikin ɗakin da yara ke wasa mugun abu ne.

YADDA A KE YI A AMURKA

Irin wannan gardama mutanen Amurka ke yi a kan talo-talon daji, kakan wanda mu ke kiwo a gida, wanda namijinsa kan kai kilo 8 ko fiye. Su nasu bakan sau da yawa mai ƙota ne. An gicciye shi bisa itace mai kama da gindin bindiga, a ja tsarkiya ta maƙale, a saita, sa'an nan a ja kunama. Ya fi namu sauƙin koyo, sai dai ɗana shi yana ɗaukar lokaci. Maharban ƙasar Yarabawa ma sun yi aiki da irinsa a dā.

Abin koyi a nan shi ne, a shekarun 1930 talo-talon daji ya kusa ƙarewa a can, sabo da yawan harbi da saran daji. A 1937 suka yi doka, harajin bindiga da harsashi ya koma ga kiyaye namun daji. Aka tsai da lokacin harbi, aka ƙayyade nawa mutum zai kashe. Yanzu ana lissafin tsuntsun da miliyoyi.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta 1959 ta ce bindiga irin ta Turai sai da lasin na Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ta toka kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba. A 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Sabo da haka kada kowa ya biya kuɗin bindiga sai ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji matsayin abin. Riƙe ta ba da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Dokar Namun Daji ta 1963, wadda jihohin Arewa suka gada, ta jera namun da aka hana kashewa da waɗanda sai da lasin. Wannan ya hau kan mai baka kamar yadda ya hau kan mai bindiga. Wurin da aka keɓe kuma, kamar dausayin Baturiya na ƙasar Haɗeja, ba wurin harbi ba ne.

SHAWARA

Da damina a rataye duka biyun. Lokacin ne zabi ke rabuwa biyu-biyu suna ƙwai, zabuwa ta yi kwana 26 zuwa 28 tana kwanci. Wanda ya harbe ta a sheƙa ya kashe goma ko fiye. A lokacin ne kuma su ke cinye fara da tsutsa a gonarka, gero ya yi tsawo, ba ka ganin wanda ke bayansa. In suna tonon shuka, mutum-mutumi da gwangwani a igiya da gadin safe sun isa.

Da rani, maharbin gado mai lasin, a fili nesa da gari da burtali, bindiga ta fi masa, don tana kashewa nan take. Kusa da ƙauye ko lambu, baka ya fi, in akwai gwaninta. Ko da wanne ne, kada ka harbi motsin ciyawa, sai ka ga tsuntsu sosai, ka ga abin da ke bayansa.

Kai kuwa manomi da ba ka gaji harbi ba, kada ka taɓa rumbunka don bindiga. Da damina ka sayi ƙwan zabi goma sha biyu, ka sa wa kaza mai kwanci, ka tsare 'yan tsakin daga sanyi da raɓa. Kafin wata damina ka sami nama da ƙwai na sayarwa, ba lasin, ba fargaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Malamin Gona, Aujara