Yadda ake samun kuɗin talla ta hanyar gina shafin intanet daga gida

A 'yan shekarun nan, da wuya a shiga dandalin sada zumunta ba a ci karo da mai tallata darasin da zai koya wa mutum samun daloli yana zaune a ɗakinsa ba. Matasa da dama, musamman waɗanda suka kammala karatu suna jiran aiki, sun biya kuɗin irin waɗannan darussa. Wasu sun amfana, wasu kuma sun yi asarar ɗan abin da suka tara. Ita dai sana'ar gaskiya ce, domin akwai mutanen da ke ciyar da iyalansu da kuɗin tallan da ake sanyawa a shafukansu. Abin da masu tallata darussan ba su cika faɗa ba shi ne, kuɗin yana bin yawan masu karatu ne, tara masu karatu kuwa aiki ne na watanni, wani lokaci ma na shekaru.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Tsarin ya yi kama da na allon talla a bakin titi. Mai shafi yana ba da hayar wani fili a shafinsa, 'yan kasuwa su biya domin a nuna hajarsu a wurin, sai kuma dillali da ke haɗa ɓangarorin biyu ya ɗauki ladansa. Dillalin da ya fi shahara shi ne Google, ta hanyar tsarinsa na AdSense da ya fara aiki a shekarar 2003. Da zarar mai karatu ya buɗe shafi, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu talla, wanda ya yi nasara sai tallansa ya bayyana.

A watan Nuwamban 2023 kamfanin ya sanar da cewa daga farkon 2024 zai riƙa biyan masu shafuka bisa yawan nuna talla, maimakon yawan latsa shi kamar yadda aka saba. Ya kuma bayyana cewa idan mai talla ya biyo ta Google Ads, kusan kashi 68 cikin 100 na abin da ya biya ne ke isa ga mai shafi.

Farashin kuwa ba ɗaya ba ne. Mai karatu daga Amurka ko Ingila ya fi jawo kuɗi a kan mai karatu daga Nijeriya, saboda masu talla a can sun fi yawa kuma sun fi gasa. Haka nan batutuwa irin su inshora, harkar banki da fasaha sun fi tsada a kan barkwanci ko labaran taurarin fim. Alal misali, idan shafi yana samun dala ɗaya a kan kowace buɗewa dubu, sai an buɗe shi sau dubu 100 kafin ya tara dala 100. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin shi ne mafi ƙarancin abin da kamfanin ke biya. Idan kuɗin ya kai haka, ana tura shi zuwa asusun banki tsakanin ranar 21 da 26 ga wata. Idan bai kai ba, sai ya ci gaba da taruwa zuwa watan gaba.

Abin da ake buƙata kafin farawa

Abu na farko shi ne sunan adireshin shafi, wanda ake sabunta hayarsa duk shekara. Mai son adireshin da ke nuna Nijeriya zai iya ɗaukar wanda ya ƙare da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ana kuma biyan kuɗinsu da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na biyu shi ne masauki, wato kwamfutar da ke ajiye shafin dare da rana domin masu ziyara. Na uku kuma manhajar gina shafi. WordPress ce aka fi amfani da ita, domin sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Wanda ba shi da jari zai iya farawa da Blogger, mallakar Google, wadda kyauta ce.

Sai sharuɗɗan shi kansa dillalin. Dole mai nema ya kai shekara 18, rubutun shafin ya zama nasa, shafin kuma ya kasance da bayanin yadda ake sarrafa bayanan masu ziyara. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya dace da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. Idan kuɗin asusu ya kai dala 10, kamfanin yana aiko da lambar sirri mai alƙaluma shida ta gidan waya domin tabbatar da adireshin mai shi. A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, saboda sun rubuta adireshin da ma'aikacin gidan waya ba zai iya ganowa ba. Don haka ya kamata sunan da aka yi rajista da shi ya yi daidai da na katin shaida da na asusun banki, adireshin kuma ya zama wanda wasiƙa ke isa.

Yadda ake jawo masu karatu

Mafi yawan masu ziyara suna zuwa ne daga injin bincike, shi ya sa gyara shafi domin ya fito a sahun farko ya zama ginshiƙin sana'ar. Masu ita suna kiran wannan aiki SEO. Tushensa shi ne a amsa tambayar da mutane ke yi da gaske, a kuma amsa ta fiye da yadda wasu suka amsa. Shafin da ya keɓanta da kiwon kaji, ko noman rani, ko gyaran wayar salula, ko shirin jarabawar shiga jami'a, ya fi saurin samun amincewa a kan wanda ke taɓa siyasa yau, ƙwallon ƙafa gobe, girke-girke jibi.

Bayan zaɓen fanni, akwai ƙananan gyare-gyare masu tasiri. Kanun rubutu ya ƙunshi kalmomin da mai bincike zai rubuta. A rage nauyin hotuna domin shafi ya buɗe da sauri, tun da galibin 'yan Nijeriya da waya suke shiga intanet, ga tsadar data ga raunin sabis a wurare da dama. Google ma sigar waya ta shafi yake dubawa wajen jera sakamako. A riƙa haɗa sabon rubutu da tsofaffin da ke da alaƙa da shi, a kuma sabunta bayanan da suka tsufa. Manhajar Google Search Console, wadda kyauta ce, tana nuna wa mai shafi kalmomin da suka kawo masa mutane da kuma matsalolin da ke hana shafinsa fitowa.

Batun harshe

Akwai wata gaɓa da ta shafi marubucin Hausa kai tsaye. AdSense yana da jerin harsunan da ya amince da su, ciki har da Turanci, Larabci, Faransanci, Hindi da Urdu, amma babu Hausa a ciki. Ƙa'idar kamfanin ta hana sanya tallansa a shafin da galibin rubutunsa ke cikin harshen da ba ya cikin jerin, don haka wanda ya yi hakan yana iya rasa amincewar a kowane lokaci. Yana da kyau mai niyya ya duba jerin kafin ya kashe ko kwabo, domin akan ƙara harsuna lokaci zuwa lokaci.

Wannan ba ya nufin rubutun Hausa ba shi da kasuwa. Masu magana da harshen miliyoyi ne a Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan, bayanai masu inganci da aka rubuta da shi kuma sun yi ƙaranci, don haka gasa ba ta yi tsanani ba. Mai shafin Hausa da ya tara masu karatu zai iya sayar da filin talla kai tsaye ga makarantu, masu sayar da iri da taki, shagunan waya ko kamfanonin sufuri, a biya shi da naira ba tare da dillali ba.

Tarkunan da ya kamata a guje wa

Babban tarko shi ne latsa tallan shafinka da kanka, ko roƙon 'yan uwa su latsa, ko shiga rukunin da ake latsa wa juna. Kamfanin yana gano irin wannan, yana kuma iya rufe asusu tare da riƙe kuɗin da ke ciki. Haka nan sayen ziyarar bogi daga masu alkawarin kawo dubban mutane a dare ɗaya. Sayen asusun da wani ya buɗe shi ma kasada ce, domin bayanan mai shi na asali ne ke ciki, yana kuma iya ƙwace abinsa.

Tarko na biyu shi ne kwafo rubutun wasu. Baya ga cewa injin bincike yana tura irin wannan shafi baya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka wallafa a intanet, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa da aka sata. Wanda kuwa ya koma ga yaɗa labaran ƙarya domin tara jama'a, yana jefa kansa cikin haɗarin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

Kasuwar tana sauyawa

A watan Maris na 2024 Google ya tsaurara matakai kan shafukan da ake cikawa da ɗimbin rubutu maras amfani domin kawai a hau sahun farko, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. A watan Mayun shekarar kuma ya fara nuna taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, abin da ke sa wasu su samu abin da suke nema ba tare da shiga kowane shafi ba. Shafin da ya dogara ga hanya ɗaya tak zai iya wayar gari masu ziyararsa sun ragu sosai. Shi ya sa masu sana'ar ke tara mabiya a WhatsApp, Facebook da imel, suna kuma haɗawa da sayar da littafi, koyarwa ko gina wa wasu shafuka.

Ga mai son shiga, shawarar da ta fi dacewa ita ce ya fara da fannin da ya sani, ya kashe abin da zai iya jure rasawa, kada kuma ya bar aikin da ke hannunsa har sai shafin ya shafe watanni yana biya a jere. Ko da kuɗin talla bai zo da wuri ba, ƙwarewar rubutu, gina shafi da nazarin masu ziyara abu ne da kamfanoni da ƙungiyoyi ke ɗaukar mutum aiki a kansa.