Hukuncin Wanda Ya Sayi Mota Ta Hannu Sai Aibi Ya Bayyana A Jikinta

Tambaya: Daga Kwatarkwashi nake. Na sayi mota ta hannu wurin wani dila a Gusau don in riƙa haya zuwa Tsafe. Kwana goma da saye giya ta tsaya, makaniki ya ce tsohon ciwo ne aka lallaɓa. Dilan ya ce rasit ya nuna ba a dawo da kaya. Ina da haƙƙi a kansa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kana da haƙƙi. Malamai suna kiransa khiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da aibi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya barranta daga mai ha'inci yayin da ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshin da aka ɓoye a ƙasa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa ya ba wanda ya sayi dabbar da aka tara wa nono don a yaudare shi damar mayar da ita. Mayar da mitar tafiya baya, ko zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar inji, duk wannan babin ne.

Sharuɗɗan uku ne: aibin ya riga cinikin, yana rage darajar motar, kuma ba ka san da shi ba. Abin da ka gani da idonka, kamar suɗaɗɗiyar taya ko fasasshen gilashi, ba ka da magana a kansa.

Idan sun cika, ko ka riƙe motar, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka. Kuɗin hayar da ka samu a kwanakin nan naka ne, domin da ta salwanta a lokacin, kai za ka yi asara. In wani aibi matsakaici ya same ta a hannunka, sai ka mayar ka biya ragin da ya jawo, ko ka riƙe ka karɓi arshi. Misalin arshi: masana sun ƙiyasta ta lafiyayya naira miliyan 5, da aibin miliyan 4, ragin ɗaya bisa biyar ne. In miliyan 4 da rabi ka biya, za a dawo maka da dubu 900.

Rubutun rasit kuwa, mashhurin mazhabar Malik bai ɗauki irin wannan sharaɗi a kan dabba da kaya ba. Hanafawa sun inganta shi, amma ɓoye aibin da aka sani haramun ne wurin kowa.

Ka kiyaye wannan: daga ranar da ka ga aibin ka ajiye motar. Mukhtasar na Khalil ya lissafa hawan dabba bayan ganin aibinta cikin alamun yarda, ban da matafiyin da ya matsu. In ka gyara ka ci gaba da lodi, kana iya zubar da haƙƙinka da hannunka.

Ka sanar da dilan nan take gaban shaidu. In ya ce a hannunka ta lalace, a kira makanikai amintattu su duba. In sun kasa tantancewa, maganarsa ake ɗauka tare da rantsuwa. Ku fara da sulhu ta hannun shugabannin 'yan kasuwar. In ya ƙi, kotun shari'a tana nan, akwai kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Kai kuma mai sayarwa, faɗin aibi shi yake sa albarka a ciniki.

Wallahu a'alam.