Ajiyar iskar gas a ƙarƙashin ƙasa kusa da tafki

Ajiyar iskar gas a ƙarƙashin ƙasa hanya ce da kamfanonin makamashi ke tura gas cikin zurfin ƙasa lokacin da kasuwa ta yi sanyi, su fito da shi idan buƙata ta tashi, musamman a lokacin hunturu. Wurare iri uku ake amfani da su: tsofaffin rijiyoyin mai da gas da suka ƙafe, duwatsu masu riƙe ruwa, da kogunan gishiri. Idan rumbun yana dab da tafkin da jama'a ke sha, ƙaramin yoyo kan zama matsalar gari guda.

Yadda kogon gishiri ke aiki

Ana haƙa rijiya har cikin dutsen gishiri, a tura ruwa ya narkar da shi, a zuƙe ruwan gishirin, sai a sami rami babba. Gishiri ba ya barin iska ta ratsa shi, shi ya sa ake son sa. Rauninsa shi ne ruwa: duk inda ruwan daɗi ya sami kafa, zai ci gaba da cin bangon kogon. A rumbun gas ɗin girki kuma, da ruwan gishiri ake koro gas ɗin waje, don haka dole a tara wannan ruwa a manyan kududdufai a sarari. Kududdufin da ya ɓalle a kan tudu, tafki zai nufa.

Tafkin Seneca

Tafkin Seneca da ke jihar New York a Amurka ya kai zurfin mita 188, kuma mutum kusan 100,000 ke shan ruwansa. A 2009 wani reshen kamfanin Inergy, wanda daga baya ya haɗe da Crestwood, ya nemi izinin ajiye gas ɗin girki galan miliyan 88 a tsofaffin kogunan gishiri kusa da garin Watkins Glen. Kamfanin ya ce an daɗe ana ajiye gas a yankin, kuma aikin zai taimaka wa masu ɗumama gidaje. Masu gonakin inabi da mazauna bakin tafkin suka ƙi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Seneca ya riga ya fi sauran tafkunan yankin gishiri, kuma tafki mai zurfi irin wannan yakan ɗauki shekaru kafin ruwansa ya sabunta. Abin da ya shiga ba ya saurin fita.

Daga Oktoban 2014 an kama ɗaruruwan masu zanga-zanga a ƙofar wurin. A 2017 kamfanin ya janye shirin faɗaɗa rumbun iskar metan, sannan a Yulin 2018 hukumar muhalli ta jihar ta hana izinin gas ɗin girkin.

Tafkin Peigneur

Ranar 20 ga Nuwamba 1980, injin haƙar mai na Texaco ya huda mahaƙar gishiri da ke ƙarƙashin tafkin Peigneur a jihar Louisiana. Tafkin, wanda zurfinsa bai wuce mita uku ba, ya zurare cikin ramin, ya haɗiye injin da jiragen dako 11. Ma'aikata 55 da ke cikin mahaƙar duk sun tsira. Mashigar Delcambre ta juya da baya ta cika wurin da ruwan teku, tafkin ya koma mai gishiri-gishiri, kifayensa suka sauya. Ba rumbun gas ne ya jawo wannan ba, amma tun shekarun 1990 ana ajiye gas a cikin gishirin da ke ƙarƙashin tafkin, kuma mazauna wurin sun yi adawa da ƙara koguna.

Yoyo

Gas da ya tsere ba lallai ya fito inda aka ajiye shi ba. A Janairun 2001 gas daga rumbun Yaggy ya yi tafiyar kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo ta tsofaffin rijiyoyi a garin Hutchinson na jihar Kansas, mutum biyu suka mutu. A Aliso Canyon ta Kalifoniya, rijiya guda ta fitar da metan kusan tan 100,000 tsakanin Oktoban 2015 da Fabrairun 2016.

A Najeriya

Nau'in da ya fi kusa da jama'a a nan shi ne tankunan fetur da ake binnewa a gidajen mai, da bututun da ke bi ta ƙarƙashin gari. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya gano sinadarin benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. A fadamun kudancin jihar Sakkwato, kamar na Kebbe da Tambuwal, ruwa yana kusa da doron ƙasa, kuma masu noman rani da masunta da makiyaya duk ruwa ɗaya suke dogara da shi. Tanki mai tsatsa a irin wannan ƙasa bai da nisa da rijiyar maƙwabci.