Maƙwabtan Ƙari da Maganin Sankarar Huhu

A Moshi Zongo ta Tamale, idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum yana ramewa yana kakin jini, kowa tibi zai ce. Sau da yawa ita ce kuwa. Amma sankarar huhu ma da irin wannan sallama take shigowa, kuma wanda ya shafe wata shida yana shan maganin tibi alhali ƙari ne a huhunsa, ya rasa lokacin da ba ya dawowa. A 2022 sankarar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a duniya.

Ƙari ba shi kaɗai yake zaune ba. Kewaye da shi akwai jijiyoyin jini, da nama mai tauri, da ƙwayoyin garkuwar jiki, kamar ɓarawon da ya tare a unguwa: wasu maƙwabta na farautarsa, wasu ya saye su suna ba shi mafaka. Yanzu masana kan yanki ɗan tsokar ƙarin su duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikinta. Idan suka ga alamar dakarun garkuwa sun riga sun kutsa ciki, an dai ɗaure musu hannu ne, to akwai kyakkyawan zaton magani irin pembrolizumab zai kwance su. Idan ba su shiga ba sam, da wuya ya yi tasiri. A 2017 aka wallafa wani ma'auni mai duba ƙwayoyin gado 18 don wannan hasashe. Binciken da ya haifi irin magungunan shi ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018.

Wannan hasashe ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da za su sayar da fili don magani mai ɗan karen tsada wanda ba kowa yake yi wa aiki ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, galibin tsokar da aka gina irin waɗannan ma'aunai a kanta ta Turawa ce da mutanen Asiya. Uwar da ta yi shekara talatin tana shaƙar hayaƙin itace da gawayi a madafa, ba ta taɓa riƙe sigari ba, wa ya auna nata ƙarin? Asibitin Koyarwa na Tamale da Jami'ar UDS suna nan kusa, kuma ya kamata a tallafa musu su riƙa adana samfurin majinyatanmu, da yardarsu. Kafin nan, duk wanda gwajin kakinsa bai nuna tibi ba kuma tarin bai lafa ba, ya koma asibiti ya nemi a ɗauki hoton ƙirjinsa.